Mai Hoton da Ba Ya Ɗaukar Mutum Uku

Duk wanda ya taɓa zuwa Kazehama cin kaguwa cikin shekara hamsin ɗin nan, akwai aikin Kurata Isao a gidansa, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Ku je ku duba bangon ɗakin kakanninku. Za ku ga mutum ashirin ko talatin a jere, sanye da rigar wanka ta masauki, giya ta jajanta musu fuska, ga teku a bayansu. Shi ya ɗauka. Shagonsa yana jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, ni ina dafa kaguwa shi yana wanke hoto. Shekara arba'in da biyar yana ƙorafin tururin tukunyata na ɓata masa gilashin taga, ni kuma ban taɓa rage wuta saboda shi ba. Sunana Hatsue, amma duk layin nan Hatsu-chan ake ce min, har yanzu da ba ni da baƙin gashi ko ɗaya.

Garin namu, kamar sauran garuruwan wannan gaɓa ta Japan, sau biyu yake farkawa a shekara. Da zafi masu iyo su cika rairayi. Suna watsewa sai gari ya mutu murus: a buga katako a tagogin rumfunan bakin ruwa, a kife kwale-kwalen haya, hankaki su gaje titi. Wata biyu za ka yi kana jin tarin maƙwabcinka daga ƙarshen layi. Sai ran shida ga Nuwamba jiragen kaguwa su fita su dawo, a kaɗa ƙararrawar gwanjo, shi ke nan an buɗe. Motocin baƙi su yi ta zuba. Tsakiyar wata a kai yara wurin bauta. Lahadin ƙarshe a kafa babbar tukunyar miya a tashar jirage kowa ya sha kyauta, da yammar ranar a kunna fitilun da aka ɗaura tun daga gada har hasumiyar da ke haska wa jirage. Kafin ka juya ma'aikatan kamfanoni sun fara zuwa walimar ƙarshen shekara da suke kira ta manta shekara, lasifikar kasuwa kuma ta kama waƙoƙin Kirsimeti, mu da ko coci ɗaya ba mu da shi. Ni dai na fi son wata biyun nan na shiru, amma ba wanda ya tambaye ni.

Isao gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta karkace saboda jakar kyamara. Ba ya shan giya, ba ya zuwa kamun kifi, ba ya jayayya a taron unguwa. Barkwanci ɗaya ya iya duk rayuwarsa, kuma shi yake yi kafin ya danna: "Wanda ya ƙifta ido, matarsa zan aika wa hoton." Na ji wannan magana ta fi sau dubu goma, kuma har gobe maza na darawa. A aljihun kwat ɗinsa akwai 'yar tsana ta katako, tsawon tafin hannu, fentin fuskarta ya goge saura ɗigo biyu na ido.

Tsofaffinmu ba sa yarda a ɗauki mutum uku a hoto ɗaya, wai na tsakiya shi zai riga sauran tafiya. Shi ya sa masu hoton da suke ajiye 'yar tsana, a ba ɗaya ya riƙe ta zama ta huɗu. Yaran yanzu ko labarin ba su ji ba. Bara wasu 'yan mata uku daga Osaka suka tare shi a ƙofar shagona, suka miƙa masa waya.

"Baba, ɗauke mu mana, teku ya fito a baya."

Ya ƙirga su da ido, ya sa hannu a aljihu. "Ke ta tsakiya, riƙe wannan."

"Kai, Baba! Wannan abar mai ban tsoro? Ni ba zan taɓa ta ba."

"To ku kira wani ya shigo cikinku."

"Mu uku muka zo, mu uku za a ɗauka. Danna kawai."

Ya mayar musu da wayar da hannu biyu, ya rusuna, ya shige shago. Ɗaya ta kaɗa yatsa a gefen kanta, suka tuntsire da dariya. Na ɗaga ludayi na ce su matsa min daga ƙofa in ba saye za su yi ba, har da wasu kalmomin da ba zan maimaita a nan ba. Ba don ina ganin yana da gaskiya ba. Ina wurin ne ranar da abin ya faru.

Isao da matarsa Tokie 'ya ɗaya suka haifa, Michiru, muna kiranta Michi. Yarinya ce mai ƙiriniya, ba ta iya zama wuri ɗaya, kullum tana bakin tukunyata tana roƙon ƙafar kaguwar da ta karye. Shekarar da ta cika bakwai, ran sha biyar ga Nuwamba, ita ma ta isa a ɗaura mata ɗamarar manya a kai ta wurin bauta. Tun da sassafe Tokie ke fama da ita: jan kimono, wato doguwar rigarmu ta gargajiya, man gashi, furen kai, takalmin katako mai 'yar ƙararrawa a cikinsa, ga doguwar jakar alewa tana jan ƙasa. Uban kuwa yini ya yi a matakalar wurin bauta yana ɗaukar 'ya'yan mutane. Tasa ce ta ƙarshe, wajen ƙarfe huɗu, rana ta kusa faɗawa teku. Ya jera su a jikin katangar ruwa daura da shagunanmu: uwarsa Inna Toyo a dama, Tokie a hagu, Michi a tsakiya.

Inna Toyo ta ce, "Isao, mu uku ne fa. Ina 'yar tsanar babanka?"

Ya ce, "Inna, mutane sun je duniyar wata sun dawo, ke kina nan kina 'yar tsana. Haske na tafiya, ku tsaya daidai."

Tsohuwa ta waiwayo ta gan ni. "Hatsu-chan, zo ki tsaya nan mu zama huɗu."

Na ce, "Ni? Da wannan rigar roba mai ƙarni? In ɓata wa gimbiya hoto?" Na yi dariya na juya kan tukunyata, domin kaguwa da minti ake dafa ta, in ta wuce ta lalace. Ta bayana na ji ƙas ɗin kyamara sau ɗaya. A daidai lokacin magatakardan wani masauki ya iso a kan keke yana ihu, wai motar Kyoto ta sauka, mutum arba'in na tsaye cikin sanyi suna jiran mai hoto. Isao ya naɗe fim ɗin, sabo ne da ya sa musamman don iyalinsa, ya jefa a aljihun tebur, ya ɗauki ɗaya kyamarar ya bi mai keke a guje.

Wanda bai yi kakar kaguwa a garin nan ba ba zai gane yadda take cinye mutum ba. A wancan zamani kowace tawaga sai an ɗauke ta da yamma, a miƙa mata hotunanta kafin motarta ta tashi da safe. Wata rana tawaga shida, wata rana tara. In Tokie ta tambayi hoton Michi sai ya ce, "Namu ai yana gida, ina za shi?" Ran sha shida ga Disamba yarinya ta dawo daga makaranta da ciwon kai. Sanƙarau ne. Ran sha tara ta rasu a asibitin gunduma. Lokacin da muka bi gawar ta cikin kasuwa lasifika na waƙar Kirsimeti, ba wanda ya tuna ya kashe.

Ba wanda ya ɗaga maganar mutum uku. Inna Toyo ta ƙara shekara shida a duniya, ba ta taɓa ce masa "na faɗa maka" ba, kuma ina ganin da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. A teburin tunawa da matattu na gidansu aka sa hoton Michi na shekara uku, domin shi kaɗai ne na kirki. Abin kunya ne a gidan mai hoto, amma haka yake. Sauran duk na jarirantaka ne, sai na makaranta inda fuskarta ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Bayan addu'ar kwana arba'in da tara Tokie ta ce ya wanke mata na ranar kimono. Ya ce haske ya shiga, fim ya ƙone. Ta ce to.

A makon ne ya ƙwanƙwasa min ƙofar baya, riƙe da gwangwanin ganyen shayi da aka naɗe bakinsa da salatif.

"Hatsu-chan, sanyi na riƙe fim. Sa min wannan a ƙasan firizarki."

"Ashe bai ƙone ba."

"Bai ƙone ba."

"To ka wanke mana, ko ka jefa a teku kowa ya huta."

"Ba zan iya ko ɗaya ba."

Na karɓa. Ba don kirki na karɓa ba, ni ma ina da kaso a ciki. Taku biyar ne tsakanina da katangar nan, kuma saboda kaguwa shida na ƙi takawa. Firiza uku na canja tun daga lokacin, kowace sai na fara sa gwangwanin a ƙasa kafin in jera kaya. Maigidana ya mutu yana zaton zoben uwata ne na ɓoye.

Daga shekarar nan 'yar tsana ta shiga aljihun Isao ba ta sake fita ba. Ba su ƙara haihuwa ba. Tokie ta zauna a kantar shago tana sa hotuna a ambulan, tana rubuta adireshi da kyakkyawan hannunta, shi yana yawon masaukai. Ba su daina kiran juna Baban Michi da Maman Michi ba, kuma ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ta bangon nan ba, abin da ni ba na ɗauka alamar lafiya. Duk sha biyar ga Nuwamba yana matakalar wurin bauta tun safe, bai taɓa fashi ba. Sau ɗaya ya gaya min, muna shan shayi cikin watan shiru, cewa in ya sunkuya ya leƙa kyamara yana daidaita 'yar wani, sai ya ji 'yar ƙararrawar takalmi ta bayansa. Kullum ta baya, kullum kusa, kamar mai jiran a gama da wasu a zo kanta.

Na ce, "Yara ɗari ne a wurin da irin takalman nan, ba dole ka ji ba?"

Ya ce, "Haka ne."

"To ka waiwaya mana ka gani."

"In na waiwaya na ga ba kowa fa?"

Ni ba mai gane-gane ba ce, kuma ba na son masu yi. Amma zan faɗi abin da na sani. Akwai safiyoyin ƙarshen kaka da in na ɗaga murfin firiza, kafin ƙarnin teku ya taso, sai in ji ƙamshin man gashin yara. Gwangwanin a rufe yake ruf, kuma ganyen shayi ne ya taɓa zama a ciki. Nakan ɗauki abin da na zo ɗauka in rufe da sauri.

Haka muka tsufa mu uku. Waya ta zo ta kashe masa rabin sana'a, amma masaukai ba su sake shi ba, domin tsofaffin tawagogi sun fi son takarda da za su rataye. Sai idon Tokie ya fara. Irin ciwon nan ne da ke cin gani daga gefe yana matsowa, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta ramin makulli. Na hagu ya tafi shekara biyu da suka wuce. Ta daina rubuta adireshi, ta koma liƙa ambulan.

Bana, ranar babbar tukunya, mu matan unguwa muna rumfar tasha tun safe muna yanka albasa da farin tushen nan mai kama da karas, na miyar mutum dubu. Ruwa da ƙanƙara na zuba a haɗe, 'yan makaranta na buga ganguna, wani ya saka kayan kaguwa yana rawa yana tsorata jarirai. Tokie na kusa da ni, da lalube take yanka amma ta fi mu duka daidai. Ba ta ɗago ba ta ce:

"Hatsu-chan, likita ya ce na daman ma ba lallai ya kai lokacin furen Afrilu ba."

Na ce, "Likitocin nan su ma ba gani suke ba. Wanda ya ce min zan mutu da hawan jini, ni na je jana'izarsa."

Ba ta yi dariya ba. "Ba makantar ce ta dame ni ba, na san gidana. Fuskar Michi ce ta ɓace min. In na rufe ido 'yar shekara uku nake gani, ta kan tebur. Ta cinye min waccan ta shekara bakwai. Na san haƙorinta ɗaya na gaba ya faɗi kafin bikin, har ina ce mata ta rufe baki. Na sama ne ko na ƙasa? Ki ji fa, uwa ce ke tambayar maƙwabciya."

Na ce, "Na ƙasa ne, ina ji."

Ƙarya nake, ni ma ban sani ba. Ta ce, "Da zan gan ta sau ɗaya kafin ya rufe, in tafi da ita cikin duhun, da shi ke nan." Ta ci gaba da yanka. Ni kuwa albasa ta rufa min asiri, domin duk rumfar hawaye ake.

Yinin nan ban san me na zuba wa mutane a kwano ba. Haushi nake ji, na Isao da na kaina, kuma nawa ya fi. Wajen ƙarfe huɗu da rabi, jama'a sun taru a bakin gada ana jiran a kunna fitilu, na same shi a bayan rumfar gwanjo yana goge kyamara. Ban yi masa sannu da aiki ba.

"Isao-san, ko ka zo ka ɗauki gwangwaninka, ko in kai mata da kaina."

Ya dube ni kamar na mare shi. "Ba ki da hurumi."

"Shekara arba'in da ɗaya yana kwana a firizata, ina da hurumi har da rara. Matarka ta manta fuskar 'yarta. Yau ta tambaye ni haƙorin da ya faɗi. Ni! Idonta saura ƙiris, kai kana nan kana goge gilashi."

Can ya ce, "In na wanke zan ga abin da na yi. Tana tsakiya, Hatsu-chan. Ni na sa ta da hannuna."

"Tokie ba ta san tana tsakiya ba ne? Ita ce fa a gefenta, sakarai! Sanƙarau ne ya kashe Michi, yara huɗu ya ɗauka a gundumar nan shekarar, su ma kai ka ɗauke su hoto?"

"Ke kin yarda da abin da kike faɗa?"

Nan ya kama ni. Da rana tsaka na yarda, amma mai yarda ba ta rufe firiza da sauri.

Ya ce, "Kuma za ta san na yi mata ƙarya."

"Ta sani ɗin. Ka fi son ta makance tana ganinka mai gaskiya?"

Jama'a suka fara ƙirge da ƙarfi, goma, tara, takwas. Fitilu suka kama gaba ɗaya tun daga gada har hasumiya, shuɗi da fari, aka ɗauki tafi. A hasken na ga yadda ya tsufa. Ya rataya jakarsa ya tafi ɗaukar shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa.

Kwana tara ban ji daga gare shi ba. Na riga na yanke ran Laraba zan kai mata, sai ga shi ran Talata da safe a ƙofar baya. Ashe magungunan wanki ya aika a kawo masa daga birni, nasa sun daɗe da lalacewa. Na kwashe kaguwa kwando huɗu kafin na kai ƙasa. Gwangwanin ya yi tsatsa, ƙanƙara ta lulluɓe shi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce sai ya yini ya kwana a waje kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta ɓata shi. A ranar ya gaya wa Tokie. Ba na jin kunyar cewa na kafa kunne a bango, kuma ban ji komai ba, ko motsin kofi.

Washegari da hantsi Tokie ta shigo shagona tana bin bango da hannu.

"Ashe ke ce ma'aji."

"Ni ce. Tokie-san, ni..."

"Kashe wutarki ki zo. Ya ce ke ma ki gani."

Ɗakin wankinsa yana bayan shago, ɗan ƙuƙut, ba taga. Rabona da shi tun ina amarya. Ya riga ya wanke fim ɗin da sassafe shi kaɗai, ya shanya, kallo ɗaya ya yi masa bai ɗaga shi ga haske ba. Ya ce fim ya yi hazo amma akwai abu a ciki. Ya rufe ƙofa, ya kunna jar fitila, duk muka koma kamar dafaffiyar kaguwa. Ya zaunar da Tokie a kujera gaban farantin ruwan magani, ni na tsaya a bayanta. Ya sa fim ɗin a na'urar faɗaɗawa, ya sunkuya yana daidaitawa. Sai ya tsaya cak, hannunsa a kan marfin juyawa.

Tokie ta ce, "Baban Michi, ya lalace?"

Ya ɗauko farar takarda ya shimfiɗa, ya ƙirga a ransa, ya zura ta cikin ruwan, ya riƙa jijjiga farantin a hankali. Daga waje ana jiyo lasifikar kasuwa sama-sama. Na riƙe kafaɗar Tokie, sanyi ƙalau.

Katangar ruwa ce ta fara fitowa. Sai Inna Toyo a dama, tar da ita, baki buɗe kamar mai tsawa. Sai Tokie a hagu, 'yar shekara ashirin da tara, kyakkyawa har na manta ta taɓa zama haka, ta miƙa hannu gaba. Na jira tsakiya ta cika, ba ta cika ba. Tsakanin matan biyu ba kowa, sai teku da wani jirgi can nesa. A gaba kuma, ƙasa-ƙasa, dab da kyamara, wani babban hazo ne ya tokare kusurwar hoton. Ana iya gane hannun riga da gefen jakar alewa, sauran duk ya shafe.

Irin kyamarar da yake riƙewa a lokacin, in aka danna, madubin ciki kan rufe wa mai ɗauka ido na ƙiftawa ɗaya. Ya ga ta tsaya, ya danna, ido ya buɗe ya gan ta maƙale da ƙafarsa, ga mai keke na ihu. Duk zatonsa bayan hoton ta rugo. Matan ma haka suka ɗauka.

Tokie ta kai fuskarta dab da ruwan. "Ina take? Nuna min."

Ya ce, "Ba ta tsakiya, Maman Michi. Ba ta tsaya ba. Wurina ta gudo. Ku biyu na ɗauka, ke da Inna. Ku biyu ne kawai."

Sai ya zame ya zauna a ƙasa, yana wani sauti da ban san ko dariya ba ne ko kuka. Zan faɗi gaskiya, daɗi na ji. Wani dutse da na saba da shi har na daina jin nauyinsa ya sauka daga ƙirjina, na ce a raina ashe ba mu ba ne, ba shi ba, ba ni da kaguwata shida ba. Har na kusa yin barkwanci, in ce yarinyar nan dama ko minti ɗaya ba ta iya tsayawa. Ban lura Tokie na nan sunkuye a kan farantin ba.

Ta ce ya ɗauraye takardar ya kunna farar fitila. Ya tashi ya yi. Ta ciro madubin karatunta mai ƙara girma daga aljihu, ta ɗora jiƙaƙƙen hoton a cinyarta, ta fara binsa da ɗan abin da ya rage mata na ido, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta wuce surukarta, ta wuce kanta ba ta tsaya ba. Ta daɗe a kan hazon.

"Fuskar fa?"

"Ba ta fito ba."

"In ka faɗaɗa?"

"Ba abin da zan faɗaɗa. Gudu take."

Ta gyaɗa kai. Ruwan hoton na ɗiga a siket ɗinta ba ta kula ba.

"Da ka wanke shi a makon nan, da ka ga bai yi ba."

"E."

"Da ka sake ɗaukarta."

"E."

"Wata guda tana gidan nan lafiyarta ƙalau. Kimonon ma yana rataye a ɗaki, ban mayar akwati ba, ina jira in ga ko hoton ya yi."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ajiye madubin, ta ci gaba da bin hazon da yatsa, tana neman inda kan yarinyar ya kamata ya kasance.